Hannun Baffa a Ƙofar Mota

Ranar da na gaya wa Baffa ina son bin babbar mota, yana tsugune yana cire wa farar saniyarsa kaska a bayan kunne. Bai ɗago ba sai da ya gama da kunne na biyu. Haka mahaifina yake. Ko gobara ka zo gaya masa, sai ka jira saniya ta gama nata.

Ita kaɗai ta rage masa a lokacin. Garken da ya taso a ciki, ciwo ya ci rabi, zaman gari ya cinye sauran, har muka ƙare a unguwar Kagarawal, a Gombe, da gida mai ɗaki uku da 'yar gona a bakin gari. Amma farar nan jinin garken kakana ce. Baffa yana iya lissafa maka uwarta da kakarta da uwar kakarta, da halin kowacce, ya fi yadda yake lissafa danginmu na mutane.

Da ya miƙe ya share hannu a riga, sai ya ce, "Ita motar, in ta ɓace tana gane hanyar gida?"

Na ce, "A'a, Baffa."

Ya ce, "To, aiki ya same ka."

Bayan mako guda ya kai ni unguwar Shamaki wurin wani tsohon direban tirela, Bakano da ya daɗe a Gombe. Ya ce masa, "Ga shi nan, Alhaji. Kiwo bai karɓe shi ba, a gwada shi da ƙarfe." Wannan mutumin shi ya zama maigidana. Shekara huɗu ina karen motarsa. Ni ne wanke mota, ni ne dafa shinkafa a gindin taya, ni ne dirowa da gudu in tokare taya da weji in mun tsaya a kan tudu. Sai a shekara ta biyu ya bar ni na taɓa sitiyari. In na sa giya ta yi ƙara, hularsa yake cirewa ya maka mini a ƙeya, ya ce, "Da kunne ake tuƙi, ɗan Fulani. In saniyar ubanka ta yi wannan kukan, ci gaba za ka yi da tafiya?" Na sha hular nan har na san warin man gashinsa. Amma in zazzaɓi ya kama ni a hanya, shi yake ba ni gadonsa na bayan kujera, ya kwana a kan tabarma.

Da lokacin lasisi ya yi, Baffa ya kai ɗan bijimin farar saniya kasuwa. Ranar da aka fara damƙa mini makulli a matsayin direba, na kawo tirelar bakin layinmu, don ba ta iya shiga ciki. Na danna hon har yara suka watse. Baffa ya fito da sandarsa. Ya zagaya motar a hankali kamar mai tayin bijimi a kasuwa, ya ƙwanƙwasa taya, ya leƙa ƙarƙashi. Sannan ya zo ƙofar direba, ya buɗe tafin hannunsa na dama ya ɗora a jikinta, ƙasa da mariƙi kaɗan. Ya daɗe leɓensa yana motsi. Da ya gama ya fara da Fulatanci ya ce, "Allah reene, ɓingel am. Allah ya tsare ka, ɗana, ya kai ka, ya dawo mini da kai."

Tun daga ranar ban taɓa barin Gombe ba sai hannun nan ya sauka a ƙofar motata. Ko lodin ya makara, ko mai kaya yana kumfar baki, sai na biya Kagarawal. Abokan aiki suna tsokanata wai motata ba ta tashi da batir, sai da hannun tsoho. Ban damu ba. Ni na san in na ja ƙofar nan na rufe, zuciyata a kwance take har Maiduguri.

Wake da masara da siminti muke kaiwa, mu dawo da busasshen kifi. Shekaru masu daɗi ne, kuma na yi ji da kai a cikinsu, ba zan ɓoye ba. Ina da tabarau, ina da tawul a wuya, in na shiga wurin mai shayi sai na ajiye makulli a kan tebur yadda kowa zai gani. A cikinsu na yi aure, aka haifa mini 'ya mace, wadda in na dawo daga tafiya sai ta ɓuya bayan uwarta don ba ta gane ni ba.

Sai hanya ta lalace. Da farko shingayen bincike ne suka yi yawa, tafiyar yini ta koma ta kwana biyu. Daga baya muka fara wuce gawarwakin motoci a gefen titi, baƙi ƙirin, da ƙauyukan da muka saba sayen rake babu ko kaza. A wurin mai shayi aka daina hira, sai tambaya ɗaya: "Ka ji labarin wane?"

Wata safiya muka tashi mota biyu, maigidana a gaba, ni a baya. Mun wuce Biu kaɗan tayata ta fashe. Ya tsaya, na ce ya je kawai zan cim masa. Ya ce, "Kada ka daɗe, ka san ba ka iya ɗaure noti ba." Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Da na gama na bi bayansa, tun daga nesa na hango hayaƙi. Abin da na tarar ba zan rubuta shi ba. Na dai san yadda na juya tirela mai cike da siminti a kan titin da bai kai a juya ta ba, kuma har yau ban san da wane hannu na yi ba.

Na dawo Gombe na mayar da makulli. Wata bakwai ina zaune. In na hau ko acaɓa ne muka nufi bakin gari, da mun wuce gidan mai na ƙarshe sai in ce a juya a mayar da ni gida. Matata tana soya awara a ƙofar gida, da ita muke ci.

Wani maƙwabci ne ya zo mini da maganar wani ɗan kwangila mai kwasar shara, yana neman direban tifa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni? Mai tirela? Da ya tafi ina ta faɗa ni kaɗai, matata tana juya awara ba ta ko kalle ni ba. Can ta ce, "Baban yarinya, ita motar sharar a kan me take tafiya?"

Na ce, "A kan taya mana."

Ta ce, "Au, na ɗauka a kan kai ake ɗaukarta."

Washegari na je na karɓi aikin.

Safiyar farko na ɗauko tifar daga gareji na biyo Kagarawal. Tsohuwar mota ce, fentinta ya koɗe, ƙudaje suna biye da ita kamar sun biya kuɗin mota. Na tsaya a bakin layi na danna hon. Baffa ya fito da sandarsa, ya taho, ya rage taku uku tsakaninsa da ƙofar sai ya tsaya. Ya dubi bayan motar, ya dubi leburorin da ke tsaye a ciki da shebur, ya dube ni. Ya ce, "Allah ya taimaka." Hannayensa biyu suna kan sanda. Ya juya ya shiga gida.

Na yi ta maza na ja mota, amma abin ya soke ni. Kullum da safe sai na biyo ta layin, kullum yana zaune a kan benci, ya ɗaga mini hannu daga nesa yadda ake ɗaga wa kowa. In an tambaye shi a masallaci ina nake yanzu, sai ya ce, "Yana nan cikin gari." Ba zaginsa nake tsoro ba, don bai taɓa zagina ba. Tafin hannun nan nake so a ƙofar motata, kuma na rasa shi.

Leburori huɗu nake da su. Babbansu dattijo ne ɗan Tangale, ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Shi ya koya mini garin da na ɗauka na sani. Ya ce kowace unguwa da irin shararta. Ta Shamaki toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida, in ta daɗe a juji sai ta koma baƙar ƙasa. Ta bakin titin Arawa kuwa, inda shaguna suke, leda ce da gwangwani da kwali. Shi Kirista ne, amma in shebur ɗinsa ya tono takarda mai rubutun Arabiyya daga sharar wata Islamiyya, sai ya tsaya ya kaɗe ta, ya miƙo mini ta taga ya ce, "Direba, ga naku, a adana." Ina da leda guda a ƙarƙashin kujera don waɗannan takardu. A shekarun nan kuma ko baƙar jaka aka gani a kan juji sai kowa ya ja da baya don tsoron bam. Shi ne yake matsawa da doguwar manjagara ya taɓa ta a hankali, mu kuwa muna bayan mota muna ba shi ƙwarin gwiwa da baki.

A hankali aikin ya shiga raina. Shiga lungun Shamaki da baya, katanga a dama, kwata a hagu, akuya kwance a tsakiya ta ƙi tashi, ya fi tuƙin babban titi neman gwaninta. Mata suna aiko da gaisuwa daga cikin gida in mun kwashe jujin da ya hana su shan iska. Kafin la'asar na dawo gida na yi wanka. 'Yata ta daina ɓuya, har ta koyi kwaikwayon hon ɗina.

Da bazara ta kama, manoma suka fara tare mu a hanya. Al'ada ce, kafin ruwa ya sauka mutum ya roƙi direban shara ya juye masa lodi a gona, ya baje, ya zama taki. Sai dabara ta faɗo mini. Baffa zai tafi ƙauye ta'aziyyar wani ɗan'uwansa, zai yi kwana goma. Gonarsa kuwa ta gaji, tun da garke ya ƙare ba ta ga taki na kirki ba. Na ce a raina, bari ya dawo ya tarar motar da yake ƙyama ta yi masa abin da shanu hamsin suke yi.

A makon nan bakin titin Arawa aka tura mu. Da na gaya wa dattijon inda za mu juye, ya jingina da shebur ya ce, "Direba, ka bari sai mako mai zuwa. Akwai tsohon juji a Shamaki, ya ruɓe sarai. Wannan ba taki ba ne, leda ce."

Na ce, "Mako mai zuwa ya dawo. Kuma ai duk ruɓewa za ta yi."

Ya ce, "Leda ba ta ruɓewa."

Na ce, "Baba, ni fa na kai kaya Maiduguri ba sau ɗari ba. Ku hau mu tafi."

Ya ɗauki shebur ɗinsa ya hau. Har yau in na tuna wannan amsa tawa sai in ji kamar in nutse. Me ya haɗa Maiduguri da taki? Lodi uku na juye, muka baje da manjagara, na tsaya ina kallo ina jin daɗi.

Farar saniya tana shayar da 'yar maraƙa a lokacin. Kullum da safe akan kai ta gonar ta tsinci abin da ya rage na kara, a dawo da ita da yamma. Da Baffa ba ya nan ni nake kai ta kafin in tafi aiki. Ni ɗan makiyayi, wanda ya san bazara ba ciyawa, ya san saniya za ta lashi duk abin da ke da gishiri ko maiƙo, ni da hannuna na kwance ta na kai ta cikin ledojin da aka ƙulla abinci a ciki. Kaina yana kan yabon da zan sha.

Baffa ya dawo da hantsi ranar da ba na aiki. Ko ruwa bai gama sha ba na ce ya zo ya ga wani abu. Da muka isa, iska ta riga ta yi aikinta. Kowane kututturen kara, kowace ƙaya, da baƙar leda a maƙale tana kaɗawa. Saniyar tana tsakiya, kanta a ƙasa, wata farar leda tana leƙowa daga gefen bakinta.

Baffa ya yi sauri irin wanda ban san yana da shi ba. Ya cusa hannu a bakinta ya zaro ledar, doguwa, jiƙe da yawu. Ya shafa cikinta ta hagu, ya danna. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kwana nawa tana shigowa nan?"

Na ce, "Takwas."

Ya rufe ido. Da ya buɗe, sai ya sunkuya ya tsinci leda ɗaya, ya tsinci ta biyu. Na sunkuya ni ma. Kwana shida muna tsinta, shi tun safe, ni in na taso aiki. Ranar Lahadi dattijon nan ya zo daga coci da manjagararsa, ba wanda ya kira shi, bai kuma ce mini ai na gaya maka ba. Baffa ma bai ce mini komai ba. Da ya ɗaga sandar nan ya sauke mini a baya, da na fi samun sauƙi.

Saniyar ta fara ramewa, ciki kuwa yana kumbura. Aka ba ta kanwa, aka ɗura mata man gyaɗa, aka kawo harawar wake mai kyau ta shinshina ta kau da kai. Na ɗauko malamin dabbobi. Ya danna cikin da dunƙulen hannu, wurin ya lotsa bai dawo ba, ya girgiza kai. Baffa ya mayar da tabarmarsa gindin turke. Ranar da ta kasa tashi, ya ce a kira mahauci kada ta tafi a banza. Ya tsuguna ya yi mata magana a kunne da Fulatanci, ƙasa ƙasa, ya shafa wuyanta, ya ja 'yar maraƙar suka shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Da aka buɗe tumbin, mahaucin ya ciro wani dunƙule da ya cika baho, leda ta nannaɗe leda ta ƙulle tamau. Ya sara da wuƙa ya nuna mini tsakiyar, ta yi tauri ta yi baƙi. Ya ce, "Wannan ta shekara da shekaru ce, duk saniyar gari tana da ita." Ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai. Amma ta wajen sabuwa ce, har rubutun jikinta ana karantawa, kuma na san motar da ta kawo ta. Na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban mahauci, kukan da ban yi ba a hanyar Biu. Aka raba naman a unguwa. Gidanmu ba wanda ya ci.

Daga ranar na daina biyowa ta layinmu da mota. Ina zagayawa ta wani titi, ko da ya fi nisa. A gida in na gaishe da Baffa ya amsa, in sunkuyar da kai in wuce. Shi kuma ya zama uwar maraƙa, yana dama mata kunun dusa yana ba ta a kwalba, tana bin sa har ƙofar masallaci. Na fara tunanin mayar da makullin tifar, don ban ga da wane ido zan ci gaba da tuƙa ta ba.

Bayan kamar mako uku, ruwan farko ya sauka. Da yamma ina wanke ƙafa a bakin rijiya, sai na ji Baffa ya ce daga bayana, "Gobe ka biyo da motar."

Na ɗauka zai ce in rabu da ita ne a gaban kowa, kuma na shirya cewa to. Da safe na tsaya a bakin layi, ban danna hon ba. Ya fito da sandarsa, maraƙar tana tunkuɗar ƙafarsa. Ya zo daidai inda ya saba tsayawa, taku uku. Na sauko na durƙusa.

Ya ce, "Tashi, ƙasa a jiƙe take." Na tashi. Sannan ya ce, "Kunya na ji, ba zan yi maka ƙarya ba. In an tambaye ni aikinka sai bakina ya yi nauyi."

Na ce, "Baffa, ka yafe mini saniyar."

Ya ce, "Bari in gama. Ranar da aka zo aka ce an ƙona motoci bayan Biu, ba wanda ya san ko da kai a ciki. A gindin turken can na zauna. Na ce, ya Allah, duk abin da na mallaka ga shi, ka bar mini yaron nan. Ban ce ciniki muka yi ba, astagfirullah. Amma ya bar mini kai. Ni kuma da ka dawo, sai na tsaya ina duba irin motar da ka dawo a ciki."

Ya mayar da sandar hannun hagu. Ya yi takun nan uku. Ƙofar ta yi kauri da toka da maiƙon shekaru, ruwan jiya ya dama su. Ya buɗe tafinsa ya ɗora, ƙasa da mariƙi kaɗan, ya daɗe leɓensa yana motsi, fiye da yadda ya taɓa daɗewa a kan tirela. Ya ce, "Allah reene, ɓingel am."

Da ya ɗauke hannun ya dubi tafinsa, baƙi ƙirin. Ya yatsine fuska ya ce, "Amma ku ji tsoron Allah ku riƙa wanke ta." Ya ɗaga kai wajen dattijon ya ce, "In kun je jujin Shamakin nan da aka ce mini ya ruɓe, lodi ɗaya ya ishe ni. Kai za ka zaɓa, ba shi ba."

A ranar, da muka tashi aiki, muka kai motar bakin famfo, tunda an ba da umarni. Ina zaune a gefe ina kallon dattijon yana dirza da tsumma, tun daga baya har ya iso ƙofar direba. Shatin yatsu biyar yana nan a cikin tokar. Ban ce masa komai ba. Ya tsaya ya duba, ya matse tsumman, ya wanke sama, ya wanke ƙasa, ya zagaye wurin ya wuce gaba.